Yadda Mijinyawa Ya Kama Kifin Kamfani

A cikin duk Hausawan da suka taɓa sauka a filin jirgin Doha babu wanda ya san ruwa kamar Mijinyawa. Ba a musun wannan magana, domin shi da kansa ya faɗe ta, kuma yana maimaita ta ga duk wanda ya tsaya a gabansa fiye da minti ɗaya. Bakabe ne, daga wani ƙauye kusa da Argungu, jikan masunta ta uwa da ta uba. A cewarsa kakansa kan nutse bayan sallar azahar, ba ya fitowa sai ya ji kiran la'asar. Shi kuwa jikan, a shekara shida da ya yi a ƙasar da teku ya kewaye ta gefe uku, ruwa mafi zurfi da ya shiga shi ne na bokitin wanka a masaukin ma'aikata.

Gadi ne aikinsa. Kamfanin tsaro ya ajiye shi a ƙofar wani dogon bene a unguwar Mushairib, inda ofishinmu yake. Awa goma sha biyu yake yi a tsaye, kujerar da aka tanadar masa kuwa an hana shi zama a kanta, saboda kada baƙi su ɗauka ginin ba shi da tsaro. A shekara ta huɗu jijiyoyin ƙwaurinsa suka kumbura suka fito waje, shuɗi shuɗi, sun murɗe kamar tanar damina. Likita ya duba ya ce maganin ɗaya ne, ya daina tsayuwa. Mijinyawa ya yi masa godiya, ya koma bakin ƙofa. Tun daga ranar burinsa a duniya bai wuce ya sami aikin da ba na tsayuwa ba kafin ƙafafun su ajiye shi.

Da annobar korona ta zo, sai aka ba shi na'urar auna zafin jiki mai kama da ƙaramar bindiga, aka ce ya riƙa ɗora ta a goshin kowa, ya kuma duba wayar mutum ya ga ko alamar lafiyarsa kore ce. Ya ce waɗannan su ne shekaru biyu mafi daɗi a rayuwarsa, domin a cikinsu ne ya taɓa ce wa mai kwat da taye ya koma baya, kuma ya koma. A nan ne kuma ƙyanƙyami ya shige shi. Mutumin da ya tashi cikin taɓo har wuya yana fafe cikin tarwaɗa da ɗan yatsa, sai ga shi yana goge biro da maganin kashe ƙwayar cuta kafin ya miƙa, yana sake gogewa bayan an dawo masa da shi. Idan wani ya yi atishawa a layi, Mijinyawa ba ya ce masa yarhamukallah sai ya ja da baya taku uku. An sassauta dokokin, kowa ya cire takunkumi, shi bai cire ba.

Ana saura kwanaki a fara gasar Kofin Duniya, mai kamfanin ya buɗe wani reshe na yawo da baƙi a teku. Jirgin katako ne irin na Larabawa, yana ɗaukar mutum ashirin da biyar, ya kai su wani wuri marar zurfi inda wani jirgi ya nutse, su sa tabarau na ruwa, su cusa bututun numfashi a baki, su kwanta rub da ciki a saman ruwa suna kallon ƙasa. Aka zo masauki da takarda ana tambayar wanda ya iya iyo. Mijinyawa yana banɗaki a lokacin. Surajo ne ya rubuta sunansa.

Surajo direban bas ne na kamfanin, gadonsa yana saman na Mijinyawa. Bakatsine ne, wato abokin wasan Kabawa, saboda haka duk wulaƙancin da ya yi wa Mijinyawa al'ada ce ta ba shi izini. Da Mijinyawa ya fito ya ji abin da aka yi, Surajo ya ce masa shekara shida yana jin labarin kakan nan, ya gaji, yanzu yana so ya ga jikan ya jiƙe.

Sharaɗin a fili yake. Zai yi mako uku na gwaji a jirgin. A ƙarshensu manaja zai zo da kansa ya ga yadda yake jagorantar baƙi a cikin ruwa. In ya ci, ya zama jagora, ya rabu da ƙofa. In ya faɗi, takalminsa na gadi yana nan a ƙarƙashin gado.

Shugaban jirgin wani dattijo ne ɗan Sudan, Kyaftin Yusif, wanda kakarsa Bahaushiya ce, ya kuma gaji Hausa daga wurinta kamar yadda ake gadon tsohuwar tukunya, da tsaga amma tana riƙe ruwa. Ranar farko ya kai Mijinyawa bayan jirgi ya nuna masa bokiti biyu. Sabon ma'aikaci, in ji shi, daga wanki yake farawa.

Abin da ake wankewa shi ne tabarau da bututu. Akwai wata dabara da masu wannan wasa suka yarda da ita a duk duniya: kafin ka sa tabarau sai ka tofa yawu a cikin gilashin, ka murza da yatsa, don kada ya yi hazo. Mijinyawa ya tsaya yana kallon mutum ashirin da biyar, manya masu ilimi, waɗanda watanni kaɗan baya suke buɗe ƙofa da gwiwar hannu, sun jeru a kan benci suna kakin majina suna tofawa a cikin kayan kamfani. Bayan awa ɗaya kayan suka dawo bokitinsa. Bakin kowane bututu roba ce mai laushi da ake cizawa, kuma kowace ta zo da tarihinta: sawun haƙori, jan baki, guntun albasar abincin rana, cingam da aka liƙa a ciki don a dawo a ci gaba. Wata rana ya girgiza bututu, haƙorin roba ya faɗo. A saman ruwan bokitin man da suke shafawa don rana yake taruwa, ya yi fari ya yi kauri kamar kitsen miyar jiya. Wanda teku ya juya wa ciki kuwa, bayan jirgi ake turo shi, wato wurin Mijinyawa. Safar hannu biyu yake sawa, ɗaya kan ɗaya, yana wanki yana istigfari.

A kwana na biyar Yusif ya ce ya shiga ruwa. Ya miƙa masa bututu daga cikin waɗanda shi da kansa ya wanke. Mijinyawa ya ce shi ya wanke, saboda haka ya san abin da ke ciki. Sai da ya tafasa ɗaya a butar shayin jirgin har robar ta yi fari, sannan ya yarda. Daga ranar ya ɗaura masa zare ya rataya a wuya, da shi yake kwana.

Iyo dai ya iya, wannan gaskiya ne, kuma Surajo bai ji daɗin jin haka ba. Abin da bai shirya masa ba shi ne ɗanɗanon ruwan. Ya ɗago kai yana tofarwa, ya tambayi Yusif ko haka yake kullum ko yau ne wani abu ya mutu a ciki.

Takardar tallan kamfanin ta ce jirgin da ke ƙasa na masu neman lu'ulu'u ne, guguwa ta nutsar da shi shekara ɗari da suka wuce, da hoton wasu jarumai masu ɗaurin ƙugu. Mijinyawa ya leƙa ya ga akwatin ƙarfe mai tsatsa, tsawonsa kamar tirela biyu, tayoyin mota a rataye a gefensa. Yusif ya gaya masa a hankali cewa kwale-kwalen dakon siminti ne, ya nutse shekara goma sha biyu baya saboda matuƙinsa ya yi gyangyaɗi. Buhunan suna nan a jere, sun daskare sun zama duwatsu. A ƙarshen jirgin akwai wani ɗan ɗaki da ƙofarsa ta ɓalle, masai ne, har yanzu kwanonsa na tangaran yana ciki.

A kan wannan ne halittun suke zaune. Akwai wasu baƙaƙe, dogaye, masu taushi, a zube bisa yashi ba sa motsi, waɗanda Mijinyawa ya ɗauka abin da suka yi kama da shi ne, har sai da ɗaya ta miƙe. Akwai wasu masu ƙaya kamar bushiyar da aka tsoma a tawada. Akwai farin abu mai yauƙi da ke yawo a tsakiyar ruwa, ba kai ba ido, in ya taɓa fata ya bar ƙuna. Tsakaninsa da ledar da ke yawo kusa da shi ba a bambancewa sai an ji zafi. Jikin ƙarfen duk ƙuraje ne masu baki, suna buɗewa suna rufewa. Kaguwa tana jan takunkumin wani zuwa raminta. A sama da wannan duka baƙi suke shawagi, jajaye, tumbi a ƙasa, suna ɗaga wa juna babban yatsa. Wani lokaci ruwan da ke kusa da ɗayansu yakan yi ɗumi na ɗan lokaci, mutumin ya yi shiru yana kallon nesa.

Abu biyu kawai Mijinyawa ya yaba. Na farko wasu ƙananan kifaye masu ratsin rawaya da baƙi, da ke juyawa gaba ɗaya kamar an ba su umarni. Na biyu ƙafafunsa. A cikin ruwa ba su ɗauke da komai. Ya ce minti arba'in ɗin da ake yi a ruwa ne karo na farko a shekara biyu da ya manta yana da ƙwauri, kuma saboda haka zai iya jure yawun duniya duka.

A cikin masan nan kifin yake zaune. Hamur suke ce wa irinsa, ƙato, tsawonsa daga kafaɗar mutum zuwa yatsa, jikinsa ɗigo ɗigo kamar mai ƙyanda, leɓe ya yi kauri, ido ya firfito. Basha suke kiransa. Kullum Yusif yakan nutse da ɗan ƙaramin kifi a hannu, Basha ya fito da kai daga ƙofar masai ya haɗiye, baƙi su ɗauki hoto, ya koma ciki. Hotonsa yana jikin bas ɗin Surajo, yana kan takardar talla, yana kan rigunan da ake sayarwa a jirgin.

Mijinyawa ya kalli wannan na kwana goma sha shida, ya fahimce shi sarai. A garinsu idan babban kifi ya shige rami, ba a yi masa gaggawa. Ana zuba masa dusa a bakin ramin kwana uku, kwana huɗu, har ya saki jiki, sannan namiji ya nutse ya sa hannu ya fito da shi. Abin da ya gani a nan shi ne mutane sun yi rabin aikin daidai, sun kasa ƙarasawa. Yusif ya ce masa shekara biyu ke nan yana ba kifin abinci, tun kafin a buɗe reshen. Shekara biyu ana zuba dusa. Hoton da ke jikin bas kuwa ya ɗauke shi kamar irin wanda ake mannawa a ofishin 'yan sanda. Tausayin Yusif ya kama shi, kuma bai tambaye shi komai ba, domin ba a tambayar dattijo dalilin da ya kasa abu. Akwai allon dokoki a jirgin: kada a taka jirgin da ya nutse, kada a ɓalli komai daga jikinsa, kada a jefa sigari. Ba a rubuta komai game da kama kifi ba, saboda ba a barin kowa ya hau da ƙugiya ko koma, kuma wanda ya rubuta allon bai taɓa zuwa Argungu ba.

Surajo kaɗai ya gaya wa shirinsa, suna cin abinci a masauki.

“Ran gwaji zan hidda musu wanga kihi,” in ji shi. “In aje shi gaban manaja, ya san Bakabe ya ɗauka.”

“Da hannu?”

“Da mi kake so? Da cokali?”

“Allah ya ba Sarkin Ruwa nasara,” in ji Surajo. “In kifin ya haɗiye ka, gadon ƙasa nawa ne.”

Surajo ya san ko wane ne Basha, kullum yana goge hotonsa da tsumma. Daga baya ya rantse mini cewa ya ɗauka maganar irin ta kakan ce.

Ranar gwajin ta faɗo Alhamis, takwas ga Disamba, ranar da babu wasa, saboda haka jirgin ya cika. Manaja ya zo da farin wando, ya zauna a inuwa da takarda a cinya. Surajo ma ya kulle bas ya hau. Mijinyawa ya shiga ruwa da baƙi goma sha biyu, yana jan tayar ceto da igiya, masu tsoro suna riƙe da ita. Ya zagaya da su jirgin da ya nutse a tsanake. Ya janye wata tsohuwa daga hanyar farin abin nan mai ƙuna. Ya gyara wa wani tabarau da hannunsa, bai yamutsa fuska ba. Yusif ya ce a daidai lokacin ya ga manaja ya yi alama mai kyau a takarda, har ya tambayi yadda ake rubuta sunan.

Da suka iso saman masan, Yusif ya jefo masa ɗan kifin. Mijinyawa ya miƙa wa wani baƙo igiyar, ya zare bututu daga baki, ya yi bisimilla, ya nutse. Baƙi suka saita kyamarori. Basha ya fito da kai kamar kullum, ya buɗe baki. Hannun hagu ya miƙa abincin, hannun dama ya shige ta ƙarƙashin kunnen kifin har wuyan hannu. Tsatsa da yashi suka tashi, ruwan ya zama ruwan kunu, ba a ganin komai. Da ya lafa, babu kowa a ƙasa. Mijinyawa yana kan tsanin jirgi, jini yana zuba daga yatsunsa, kifin a rungume a ƙirjinsa.

Ya hau, ya taka har inuwa, ya durƙusa kamar yadda ake yi wa babba, ya ajiye Basha a gaban farin wandon. Kifin ya buga wutsiya sau biyu, wandon ya daina zama fari. Don kada ya ƙara ɓata wa manaja kaya, Mijinyawa ya jawo sandar goge daɓen jirgi ya buga masa ɗaya a tsakar ka, inda ya kamata.

Baƙin da ke ruwa suka hau ɗaya bayan ɗaya, suka tsaya suna ɗiga. Wata mata da ta sayi rigar mai hoton kifin da safe ta zauna a benci ta rufe fuska. Wani kuma ya ci gaba da ɗaukar hoto.

“Ɗan uwa,” in ji Yusif, muryarsa a ƙasa, “me ka yi?”

“Na ƙarasa maka, Kyaftin. Ba komai, dusarka ce ta yi aiki, ni hannu kawai na sa.”

“Kifin shi ne aikin. Shi mutane suke biya su gani.”

Mijinyawa ya dubi kifin, ya dubi baƙin. Ya tambaya ko ana nufin sun taso daga ƙasashensu, sun tofa yawu a gilashi, sun ciji robar da wani ya ciza, don su kalli kifi yana zaune a masai. Yusif ya ce haka ne. Ya sake tambaya ko babu ranar da aka yi niyyar a ci shi. Yusif ya ce babu.

Dattijon ya ɗauki Basha ya sauka da shi ta tsani, ya riƙe shi a ruwa yana kai shi gaba yana dawo da shi, kusan minti goma. Da ya saki, kifin ya juya ciki sama. Manaja ya goge wandonsa da takardar gwajin, ya ce khalas, wato shi ke nan, ya ce a juya jirgi.

Da yake ba wanda ya ce a bar gawar a teku, Surajo ya naɗe ta a buhu ya sa a bayan bas. Bayan la'asar suka fafe ta a bayan masauki. A cikin tumbin akwai ƙananan kifayen Yusif rabi a narke, da guntayen sigari, da marfin gora, da wani abu mai igiya da ba wanda ya so ya warware. Naman yana warin baƙin mai. Mijinyawa ya wanke hannu sau uku ya ce shi ba zai ci abin da ya yi shekaru yana kwana a masai ba. Surajo ya soya da yaji ya ci shi kaɗai, yana cewa wannan ne alheri na farko da Kabawa suka taɓa yi wa Katsinawa.

Ranar Lahadi na same shi a ƙofarmu, hannun dama a naɗe da bandeji, safa mai matse jijiya a ƙarƙashin wando, yana sauya nauyinsa daga ƙafa zuwa ƙafa. Na yi masa jaje. Ya ce ba rasa aikin ne kaɗai yake cinsa ba, a cikin mutum ashirin da biyar ba a sami ko ɗaya da ya tambayi yadda aka yi ya kama ba, alhali kilo goma sha ɗaya ne, sun auna. Ya ce da ya bar hannunsa a jikinsa, da yanzu ya huta da tsayuwa har ƙarshen rayuwarsa.

Ranar sha tara ga Disamba, washegarin wasan ƙarshe, kamfanin ya ɗaure jirgin, ya rufe reshen, ya mayar da jagororin duka gadi.